Ɗan Yatsan da Inna Kande ta Lanƙwasa

Yara sukan zo wurina daga manyan makarantu, kowa riƙe da rikoda, su ce an sa su rubuta tarihin gidansu ko na garinsu, suna so in nuna musu hanya. Ina fara bayani sai in ga sun soma duban agogo. A ganinsu aikin bai wuce mutum ya sami tsoho, ya danna na'ura, ya ce baba faɗi ba. Ni kuwa a cikin bin asali na tsufa. Na yi wa masu rabon gado, na yi wa masu neman sarautar unguwa, na yi wa waɗanda kawai suke so su san daga ina kakansu ya taso. Abin da aikin ya koya mini shi ne, sau da yawa wanda ya fi kowa sanin suna shi ne wanda ba zai iya faɗarsa ba. A makarantar ƙauyenmu na fara gane haka, ina yarinya, 'yan shekaru kafin a sami mulkin kai.

Ƙauyen namu yana tsakanin Kiru da Bebeji. Makarantar ɗaki biyu ce, ginin ƙasa, rufin azara, da wata tsamiya a gaba inda muke komawa in zafi ya matsa. Malami ɗaya gare mu, Malam Ado, mutumin Birni, dogo, ba ya son hayaniya. Mu mata ba mu da yawa. Ni ce ta can ƙarshen benci, wadda in an yi mata tambaya sai ta sunkuyar da kai. Saboda yawan duban ƙasar nan na san ƙafar kowa a ajin, na san wanda ya biyo ta rafi da wanda ya ratso ta gona.

Malam Ado yana da wata ɗabi'a. In an tashi daga makaranta sai ya ɗauki kekensa ya bi zaure zaure yana tambayar tsofaffi asalin gidajensu. Amma iyakarsa zaure, ga shi kuwa rabin labarin kowane gida yana ciki, wurin mata. Sai ya je ya roƙi babana ya ba shi ni in riƙa shiga masa. Babana ya yi dariya ya ce, wannan Asaben da ko gaisuwa sai an matsa mata? Malam ya ce masu magana sun yi yawa a garin, shi mai ji yake nema.

Kayan aikina na farko goro ne ƙulle a bakin zane, da fensir, da 'yan takardu da Malam ya ɗinke mini da zare. Amma ya hana ni fito da takarda a gaban tsohuwa. Ya ce tsohuwa in ta ga fensir sai ta tuna da masu rubuta haraji, bakinta ya rufe. In na shiga in gaisa har ƙasa, in duba abin da take yi in sa hannu. In ɓarar gyaɗa ce in ɓara, in tsince wake ne in tsince. Sai na fito, na sami gindin bishiya, sannan in rubuta. Ya kuma hana ni tambayar shekara. Ba wanda zai ce miki shekara kaza. Sai dai ki ce, lokacin da fara ta cinye dawa an yaye shi ko yana goye? Rijiyar masallaci ta riga shi ko ya riga ta? Da haka ake jera mutane, kowa a bayan wanda ya girme shi.

Aikin da muka fara yi tare shi ne tarihin ginin makarantar kansa. Malam ya zagaya da ni bayan ɗakunan, ya ce in faɗi abin da na gani. Na daɗe ina kallo kafin na ce bangon gabas ja ne, na yamma kuwa ya yi duhu. Ya ce to, me ya sa? Ban sani ba. Da na shiga gidaje sai na ji ashe gayya aka yi. Mutanen unguwar maƙera suka ɗebo jar ƙasa daga kududdufinsu, Fulanin da ke zaune a bakin rafi suka kawo tasu a kan jakuna. Mata suka yi ta jan ruwa, wata tsohuwa ta ce har yau kafaɗarta ba ta manta ba. Azarar kuwa daga wajen Tudun Wada aka sayo ta. Filin, kowa ya ce, na marigayi Malam Ɗanladi ne, wani manomi da ya zo garin da girmansa ya zauna, shi ya yanki gefen gonarsa ya ce a yi wa yara ɗaki.

Sai muguwar shekara ta zo. Da bazara ciwon sanƙarau ya shigo, ya ɗebi yara, ya ɗebi tsofaffi. Ga mai bin asali babu asarar da ta kai wannan, don duk tsohon da aka kai makwanci ya tafi da sunayen da ba wanda ya tambaye shi. Dattawan da aka yi maganar filin a gabansu duk suka tafi a wannan bazarar. Damina kuma ta sauka da ƙarfi, rufin ɗaki ɗaya ya rufta, Allah ya sa ranar Juma'a ce da yamma, ba kowa ciki. Mai duba makarantu ya zo daga En'e, hukumar gargajiya ta wancan lokacin, ya ce za a sake gini a yi rufin kwano, amma sai in filin ba shi da rigima. In akwai rigima, za a rufe a haɗa mu da makarantar Kiru. Maza suna iya tafiya Kiru a ƙasa. Mu mata kuwa babu uban da zai bar 'yarsa ta yi wannan tafiya kullum. Babana ma ya faɗa mini a fili, ranar da aka rufe ɗakin nan, ranar karatuna ya ƙare.

Rigima kuwa ta taso. Garba, ɗan ƙanen Malam Ɗanladi, ya je gaban dagaci ya ce filin aro ne, ba kyauta ba. Baffansa bai bar ɗa namiji ba, 'ya'ya mata biyu ne, sun yi aure an ba su rabonsu, saura ya faɗo hannunsa, yanzu yana son abinsa ya shuka gyaɗa. Garba ba mugun mutum ba ne. Yara sun yi masa yawa, kuma shi yake ciyar da matar baffan nasa, Inna Kande, tun da mijinta ya rasu. Shi dai bai ji lokacin da aka ce kyauta ba, waɗanda suka ji kuwa ba su nan.

Malam ya aike ni wurin Inna Kande in ji ko mijinta ya taɓa faɗa mata yadda aka yi. Na same ta a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Ƙaramar tsohuwa ce, ba ta da yawan magana, muka dace. Na zauna ina cire mata 'ya'yan auduga. Ta ce ita maganar fili ta maza ce, maigidan bai saba kawo irinta cikin gida ba. Da hira ta yi nisa na ce, Inna, ke 'ya'ya nawa Allah ya ba ki? Ta ajiye mazari a cinya, ta ɗaga hannun hagu. Ta lanƙwasa ƙaramin yatsa, ba ta ce komai ba. Ta lanƙwasa na biye ta ce Hansatu, ta lanƙwasa na tsakiya ta ce Mairo. Ta ce shi ke nan, ta ɗauki mazarinta.

Da na koma na gaya wa Malam mata biyu ne, kamar yadda kowa ya sani. Ya gyaɗa kai, ya fara ɗaure littattafansa a bayan keke. Na tsaya ina murza bakin mayafi. Ya ce akwai saura? Na ce ban sani ba ko wani abu ne, amma ƙirgar tata ba daga yatsan farko ta fara ba.

Ya saki igiyar. Ya ce, "Yatsu nawa ta lanƙwasa?"

Na ce uku.

"Sunaye nawa ta faɗa?"

Na ce biyu.

Ya zauna a kan dakali. Can ya ce, "Ɗan fari ne."

Yaran yanzu sai na yi musu bayanin wannan, don sun taso suna jin uwa tana ƙwala wa ɗanta na fari kira da sunansa. A lokacinmu ba haka ba ne. Uwa ba ta faɗar sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in an ce 'ya'yanki nawa sai ta tsallake shi. Uba ma haka. Sau da yawa da an yaye shi sai a ba wani ɗan'uwa riƙo. A gidajen da suke da jinin Fulani abin ya fi tsanani, kuma Inna Kande uwarta Bafulatana ce. In an haifi yaron tun kafin su zo garinmu, aka ba da shi can, to, babu wanda zai san da shi a nan, don su biyun da suka sani ba za su faɗa ba.

Na ce bari in koma in tambaye ta. Malam ya ce kul. Ya ce in kika tambaye ta kin ci mata fuska, kuma ba za ki sake jin komai daga bakinta ba. Ranar ya koya mini abin da na ci abinci da shi duk rayuwata. Kowane suna yana da wanda aka hana faɗarsa, yana kuma da wanda aka sakar wa baki. Mace ba ta faɗar sunan miji, amma ƙanwar mijin za ta faɗa har da dariya. Uwa ba ta faɗar na ɗan fari, amma kaka za ta faɗa, taubashi ma zai faɗa. Aikinka shi ne ka gano bakin da aka sakar wa sunan da kake nema.

Na koma na ci gaba da cire 'ya'yan auduga, ban sake ta da maganar haihuwa ba. Na tambaye ta garin da ta yi ƙuruciya, da wadda suka fi tsokanar juna. Nan fuskarta ta saki. Ta ce Tudun Wada, kuma akwai wata mara kunya wai ita Ladi, taubashiyarta, 'yar kawunta, wadda ta taɓa sa mata ƙwaro a cikin ɗankwali ranar sallah. Ta ce in tana da rai, to, bakinta ne ya hana ta mutuwa.

Kafin mu ɗaga ƙafa Malam ya yi wani abu da ban gane amfaninsa ba sai daga baya. Ya je ya sami Garba a gona ya gaya masa abin da muke zato. Don in akwai ɗa namiji, ba filin makaranta kaɗai ba, har gonar fadamar da Garba yake ci da iyalinsa a cikinta ta zama ta wancan. Garba ya jefar da fartanya ya ce, "Malam, kai baƙo ne a garin nan. Yarinya ta ga yatsa, shi ne za ka tono mini wanda zai raba ni da gona?" Kashegari ya hana 'ya'yansa zuwa makaranta. Malam ya ce mini duk da haka gara ya ji daga bakinmu. Ya ce kafin ki tono suna, ki duba kan wanda zai faɗa wa, ki je ki gaya masa da kanki.

Tudun Wada na je ne da goggona, wadda take kai daddawa kasuwar can. Muka hau motar kasuwa a kan buhuna. Gidan Ladi bai yi wuyar samu ba, tun daga zaure muke jin muryarta tana faɗa da akuya. Haƙoranta sun yi ja da goro da fure. Da na ce daga wurin Inna Kande nake, sai ta tafa hannu ta ce, "Baiwar nan tawa tana nan? Har yanzu tana ƙona tuwo?" Na miƙa mata goro, na rasa ta inda zan fara. Goggona ta zungure ni. Na ce, Inna, wai kafin Hansatu akwai wani?

Ta ce, "Haruna mana. A ɗakin can aka haife shi, ni na fara ɗaukarsa, kansa kamar tulu. Wato har yau ba ta faɗa ba? Kai, Kande da kunyar tsiya."

Ta ba mu labarin tiryan-tiryan. Da aka yaye shi aka ba wan Inna Kande riƙo. Shi kuma ya tafi Riruwai haƙar kuza ya tafi da yaron, kawun ya rasu a can. Iyayen suka tashi suka koma garinmu. Da Malam Ɗanladi ya rasu an ba wasu fatake saƙo, ba wanda ya san ko ya isa. Na ce to, ita Inna me ya hana ta magana da aka zo rabon gado? Ladi ta dube ni ta ce, ke yarinya ce. Uwa ta buɗe baki ta nema wa ɗan farinta dukiya, a gidan wanda yake ba ta tuwo? Ai gara ta haɗiye harshenta.

Riruwai Malam ne ya je, da aka yi hutu. Ya sami Haruna cikin masu wankin kuza, har ya zama shugaban wasu leburori. Saƙon rasuwar bai taɓa isa gare shi ba. Ya ce zai zo in an yi girbi. Mai duba makarantu ya yarda ya jira, mu kuwa muka ci gaba da karatu a ɗaki ɗaya da gindin tsamiya, ba mu san abin da baƙon zai ce ba. Don ba mu da tabbacin komai. Mutumin da bai taɓa cin ko zangarniya ɗaya daga gonar ubansa ba, yana iya cewa duk a ba shi, har filin.

Ranar da ya iso aka taru a ƙofar dagaci. Ladi ma ta zo a kan jaki don ta ba da shaida, tana ta mita wai sirdin ya kashe mata baya. Amma kafin ta buɗe baki mutane sun riga sun gani. Zanen da ke kumatun baƙon shi ne na kumatun Garba, tsagar gidansu, ba bambanci. Garba ya dube shi, ya sunkuyar da kai, ya matsa masa a tabarma ya ce, "Zauna nan, Yaya."

Haruna ya saurari kowa. Sannan ya ce, ranka ya daɗe, a bar shi ya ga wurin tukuna. Aka bi shi har makaranta. Ya shiga ɗakin da ya rufta, ya dubi sama ta inda rufi ya tafi, ya shafa jan bangon da hannunsa da kuza ta cinye. Ya tambayi Malam su wa suke karatu a nan. Malam ya nuna mu. Ya ce har mata? Malam ya ce wannan ma ita ta nemo ka. Na ɓuya a bayan wata. Haruna ya yi murmushi ya ce a Riruwai wanda ya iya rubutu shi ne a inuwa, su kuwa suna cikin ruwa har gwiwa, abin da ya rubuta kuma shi ne, ko sun yarda ko ba su yarda ba.

Da aka koma gaban dagaci ya ce shi bai san ko aro tsohonsa ya ce ko kyauta ba. Amma in filin ya zama nasa yau, to, ya ba makaranta kyauta, a rubuta, kowa ya ji. Dagaci ya ce saura gonar fadama. Garba bai ɗago ba.

Haruna ya ce, "Ni ina can ban san an yi rashi ba. Wannan shi ya riƙe tsohuwa, shi ya ba ta ci da sha. Ya ci gaba da nomansa. Abu ɗaya nake roƙo, ya mai da yaran nan makaranta."

Garba ya ce gobe ma za su koma. Suka koma kuwa, kuma da aka zo sabon gini shi ya fi kowa ɗebo ƙasa.

Ni aka sa na raka Haruna cikin gida, don na saba shiga. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin ya yi sallama. Inna Kande ta juya fuska wajen bango, ta ja mayafi. Ta ce sannu da zuwa, ya hanya, ya mutanen can, kamar yadda za ta gai da mai sayar da gishiri. Shi ma ya amsa kansa a ƙasa, ya tashi ya koma zaure. Ladi tana gefe tana cewa ku dube su, kamar masu bin juna bashin gaisuwa. Yana fita Inna Kande ta tashi, ta ɗauko ƙwaryar da ban taɓa ganin ta sauke daga ragaya ba, ta dama fura da hannunta, ta hana kowa taɓawa. Ta miƙo mini ta ce in kai wa baƙo.

An yi rufin kwano kafin damina ta zagayo. A ɗakin nan na gama, na wuce makarantar horon malamai ta mata, na dawo na koyar a cikinsa. Tun daga nan ban daina bin asali ba, daga Bebeji har Doguwa babu inda ban shiga ba. Shi ya sa nake gaya wa masu rikoda, na'urarku tana da kyau, ni ma da na samu da na yi murna. Amma murya kaɗai take ɗauka. Ku zauna, ku sa hannu a aikin da kuka tarar, ku dubi mai maganar.

Da Malam ya gama rubuta tarihin makarantar, ya sa asalin gidan Malam Ɗanladi a shafin farko, ya ba ni in kai wa Inna Kande ta gani. Ta juya takardar sama da ƙasa, ta ce ita me ta sani a nan, in karanta mata. Na ce daga ina? Ta ce daga farko. Na karanta sunan maigidan, ta sunkuyar da kai. Na tsaya, don na san abin da ke biye. Ta ce ci gaba mana. Na ce Haruna, sannan Hansatu, sannan Mairo. Ta ɗauki mazari ta murza, zaren ya tsinke, ta ƙulla.

Ta ce, "Ke kika faɗa, ba ni ba." Ta ɗan jima tana kaɗi, sannan ta ce, "Sake karantawa."